Dutsen Dala da Bishiyar Tsumburbura

Ya kai ɗalibi, in ka taso daga Gyadi-Gyadi ka shiga birni ta Ƙofar Ɗan'agundi, ka miƙe arewa, za ka hango Dutsen Dala. Kafin zuwan Musulunci, a gindinsa Kanawa ke taruwa neman sa'a da kariya. Wani ya zo da baƙin bunsuru, wani baƙar kaza, wani ma baƙin kare. Barbushe kaɗai ke shiga katangar da ta kewaye bishiyar Tsumburbura, ya fito wai yana faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi, alhali gaibu sai Allah. A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali, aka gina masallaci a gindin bishiyar nan. Yau matakala ce za ta kai ka ƙolin dutsen, ka ga Kano shimfiɗe har Goron Dutse.