Gangar Mai Ta Zama Gangar Kiɗa

Tirinidad wani tsibiri ne kusa da gaɓar Amurka ta Kudu. Da yawa daga mutanensa jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, sun kuwa gaji son ganga daga kakanninsu. Amma a 1884 Turawan Ingila masu mulkin tsibirin suka hana kiɗan ganga a titi. Sai talakawa suka koma buga gora a ƙasa.

A bayan babban birninsu akwai wata unguwar talakawa a kan tudu, sunanta Labantil. Samarinta ba kuɗi, ba aikin yi. Wajen 1935 suka fara kaɗa gwangwanaye. Suka lura idan gwangwani ya lotsa, sai muryarsa ta sāke. Daga nan dabara ta zo musu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka juya ga gangunan mai da aka yar.

Ga yadda ake yi. A yanke gangar, a yi ta dukan gindinta da guduma har ya zurma kamar ƙwarya. Sa'an nan a raba shi gida-gida, a gasa a wuta, a daidaita kowane gida da tasa murya. Da sanduna biyu masu roba a baki ake kaɗawa.

Da fari mutane sun ɗauki makaɗan nan 'yan iska, don in ƙungiya ta gamu da ƙungiya sai faɗa, har a zub da jini. To, a 1951 aka zaɓi gwanaye daga ƙungiyoyin da ke gaba da juna, aka aika da su Landan, suka yi kiɗa tare, jama'a na ta mamaki. A 1963 aka soma babbar gasa ta shekara-shekara. Sannu a hankali gardamar sanda ta koma gardamar gwaninta.

Yanzu kowace ƙungiya tana da filinta, inda yara maza da mata ke taruwa da maraice suna koyo wurin manya. Ƙungiya guda takan kai mutum ɗari. Ɗaya ya kuskure, kiɗa ya ɓaci, saboda haka dole kowa ya koyi haƙuri da sauraron ɗan'uwansa.

A 1992 aka mai da wannan ganga abin kiɗan ƙasa. Abin da aka yar a juji, ga shi ya zama abin alfaharin Tirinidad duka.