Gyaran baya da hannu: abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Ƴan'uwa masu karatu, babu manomin da bai san ciwon baya ba. Wanda ya wuni duƙe a gona ya san shi. Matar da ta ja wasaki, ta yi daka, ta ɗauko itace, ita ma ta san shi. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu. A wannan fitowa za mu kai ku ƙasar Amurka, inda aka ƙago wata sana'a ta gyaran baya da hannu. Sunanta kiropiraktik. Kalmar daga harshen Girka take, ma'anarta aikin da ake yi da hannu.

Yadda ƙashin baya yake

Ƙashin baya ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an jera su ɗaya kan ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a gadon baya, 5 a ƙugu. Waɗannan 24 su ne masu motsi. Sauran 9 na can ƙasa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi mai taushi, kamar matashi. Ta tsakiyarsu laka ta bi, daga gare ta kuma jijiyoyi suke fita zuwa hannuwa da ƙafafu da sauran jiki. Shi ya sa taɓa baya ba abin wasa ba ne.

Asalin sana'ar

A shekara ta 1895, a garin Dabanfot na jihar Ayowa, wani mutum mai suna Daniel David Palmer ya danna bayan wani mai shara, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai. Palmer ya ce jin mutumin ya dawo. Daga nan ya ɗauka cewa gocewar ƙashin baya ce tushen kashi 95 cikin 100 na cututtuka. Ya buɗe makaranta a 1897. A 1906 aka kulle shi a gidan kaso saboda yin aikin likita ba da izini ba. Amma sana'ar ba ta mutu ba. Zuwa 1974 dukan jihohin Amurka sun amince da ita. Yau mai son yin ta a can sai ya yi karatun jami'a, ya ƙara wajen shekara 4 a makarantar sana'ar, sannan ya ci jarrabawa.

Sai dai ilimi bai gaskata maganar Palmer ba. Jijiyar ji cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta baya ba. Cututtuka masu yawa kuma ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, ko rashin abinci mai gina jiki, ko gado.

Abin da mai gyaran baya yake iyawa

Mai gyaran baya yakan kwantar da mutum, ya laluba gaɓar da ta sage, ya danna ta da sauri sau ɗaya. Sau da yawa akan ji ƙara, ƙas! Wannan ƙara ba ƙashi ba ne ya koma wurinsa. Iska ce da ke cikin ruwan gaɓa, kamar yadda yatsu ke ƙara in an ja su.

Bincike ya nuna wannan aiki yana rage ciwon ƙugu na yau da kullum, irin na gajiya da ɗaukar kaya. Yana taimaka wa wasu masu ciwon wuya, da masu ciwon kai wanda ya taso daga wuya. Sauƙin matsakaici ne, bai wuce wanda motsa jiki ke bayarwa ba. A 2023 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin hanyoyin da za a iya gwadawa ga ciwon ƙugu da ya daɗe, tare da motsa jiki da tausa.

Abin da ya fi ƙarfinsa

Danna baya ba ya maganin hawan jini, ko fuka, ko ciwon suga, ko ciwon kunnen yara, ko masassara. Ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya maye gurbin allurar rigakafi. A mafi yawan jihohin Amurka, mai gyaran baya ba ya rubuta magani irin na likita, ba ya yin tiyata. Wanda ya san aikinsa, in ya ga abin ya wuce iyakarsa, wurin likita yake tura mutum.

Akwai kuma hatsari. Murɗa wuya da ƙarfi yana iya tsaga jijiyar jini da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Abin ba ya faruwa da yawa, amma ya faru. Ba a danna ƙashin da ya karye, ko na tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, ko wanda ciwon daji ya kama.

Abin da ya shafe mu

Mu ma muna da masu aikin hannu: madora da masu tausa. Wasu ma yaro suke sawa ya taka musu baya. Iyakar da ta hau kan mai gyaran baya na Amurka ta hau kansu su ma. Ciwon baya na gajiya yakan yi sauƙi cikin mako 6. Yawan kwanciya ba ya taimaka masa, gara tafiya da aiki mara nauyi. Amma kada a bari kowa ya danna ko ya taka bayan da ke da ɗaya daga cikin waɗannan alamomi:

1. Ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga itace, ko amalanke, ko babur.
2. Zazzaɓi, da gumin dare, da rama.
3. Ƙusumbi da ke fitowa a hankali a gadon baya.
4. Ƙafafu sun yi sanyi, ko sun mace, ko ba sa ɗaukar mutum.
5. Fitsari ko bayan gida ya tsaya, ko yana zuba ba da sani ba.

Alama ta 2 da ta 3 suna iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya. Yana cin ƙashi a hankali har ya danne laka. In an gano shi da wuri, ana warkewa da maganin asibiti na wata 6 ko fiye. In aka ɓata watanni wurin tausa, mutum yana iya gurguncewa, gida ya rasa mai noma. Alama ta 4 da ta 5 kuwa ba sa jiran gobe. A tafi asibiti a ranar.

Ƴan'uwa, hannu mai sani yana sauƙaƙa baya mai gajiya. Amma duk wanda ya ce hannunsa na warkar da kowace cuta, ku yi hattara da shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.