Abin Da Ke Hana Wayar Hannu Magana Cikin Masaukan Baƙi

Akwai wani al'amari da ya daɗe yana damun matafiya a masaukan baƙi na Gusau da garuruwan da ke kewaye da ita, wanda kowa ya san shi, amma ba a cika zama a yi shawararsa ba. Watau mutum ya biya kuɗin ɗaki a otal, ya sami gado mai laushi da ruwan famfo da na'urar sanyi, amma da ya turo ƙofa sai wayar hannunsa ta kurumce. In yana son magana sai ya manne da taga, ko kuwa ya sauko tsakar gida cikin dare yana kai da kawowa da waya a sama kamar mai neman wata. Mu da aikinmu ya shafi makarantu mun sha jin wannan kuka daga malamai waɗanda a kan tara a Gusau don kwas ko gyaran takardun jarrabawa, har muka ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu inda cutar take, da irin maganin da ya halatta a yi mata.

Kada wani ya ɗauki wannan abin wasa. Duk wanda ya biyo hanyar Funtuwa ya ratsa Tsafe ya shigo Gusau cikin waɗannan shekaru, ko ya taso daga Sakkwato ta Bunguɗu, ya san iyalinsa ba su runtsawa sai sun ji muryarsa cewa ya sauka lafiya. In matarsa ta buga sau uku aka ce ba a samunsa, ba ta tunanin bango ko kankare, tunaninta wani wuri dabam ya ke zuwa. Ban da wannan kuma, kuɗi yanzu cikin waya su ke tafiya. Mun gani a farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya, yadda baƙo da mai otal kan tsaya cirko-cirko a gaban na'urar POS suna jiran saƙon banki, alhali kuɗin na nan, hanyar wucewarsu ce kawai ta toshe.

A zamanin fatake, hakkin baƙo a kan fatoma sananne ne: wurin kwana, da ruwa, da turken dabba, da wanda zai haɗa shi da mai saye. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau wajen 1929, garin ya zama matattarar auduga da gyaɗa, sai baƙi suka yawaita, bukatunsu kuma suka sake. Da aka mai da ita hedkwatar Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996 suka ƙara yawa, aka shiga gina otal-otal masu bene. Amma fa wayar hannu ta GSM ba ta fara aiki a Nijeriya ba sai Agusta 2001, lokacin da MTN da Econet suka buɗe, saboda haka da yawa cikin gine-ginen nan an zana su babu wanda ya yi tunaninta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne waɗanda a ke ginawa yau ma haka a ke zana su.

To, ga yadda abin ya ke. Wayar hannu ƙaramar rediyo ce mai ji kuma mai magana. Tana aika saƙo cikin iska zuwa dogon ƙarfen nan da jama'a ke kira ƙarfen sabis, shi kuma ya amsa mata. Saƙon yana tafiya ne bisa igiyoyin rediyo, kuma kowace igiya da tsawonta. Wadda a ke kira 900, wadda aka fara da ita a 2001, tsawonta ya ɗan ɗara rular ɗan makaranta, kamar inci 13. Ta 1800 rabin wannan ce. Ta 3500 kuwa, wadda aka yi gwanjonta a Disamba 2021 don sabis na 5G, ba ta kai inci 4 ba. Ka'idar da ya kamata mai gini ya riƙe ita ce, doguwar igiya ta fi iya ratsa bango, gajeriya ta fi ɗaukar kaya amma ta fi saurin gajiya. Shi ya sa za ka ga waya a tsakar gida tana nuna 4G, da an shiga ɗaki ta koma 2G, a iya kira da kyar amma hoto ba ya tafiya.

Babban abokin gabar igiyar rediyo shi ne ƙarfe. Wani masani Baturen Ingila, Michael Faraday, ya gwada a 1836 cewa in aka kewaye ɗaki da ƙarfe, ƙarfin lantarki na waje ba ya shiga cikinsa. Yanzu a dubi otal na zamani a Gusau. Ginshiƙansa rodi ne cikin kankare, tsakanin bene da bene ragar rodi ce aka zuba wa siminti, bisansa kwano, kowace taga da ƙarafan tsaro da ragar sauro ta ƙarfe, ƙofar ɗaki ita ma ta ƙarfe. Wasu har su kan ƙara gilashi mai duhu don tare zafin rana, wanda galibi a kan shafe shi da wani siririn ruwan ƙarfe da ido ba ya gani. Ashe mai gini ya kashe miliyoyi ya ƙera kejin Faraday bai sani ba, ya sa baƙonsa ciki. Ba mu ce a bar ƙarafan taga ba, don halin da a ke ciki bai bar wannan shawara ba. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya toshe wa igiya ƙofa shi ya kamata ya buɗe mata wata.

Baƙon da ya tashi da safe ya tarar cajin wayarsa ya zube, alhali bai taɓa ta ba, shi ma sau da yawa bangon ne. In waya ta ji amsar ƙarfen sabis ta yi rauni sai ta ɗaga muryarta iyakar ƙarfinta, ta kwana tana kira, batir ya ƙare.

Amma kafin mai otal ya sa hannu aljihu, lalle ya rarrabe cutar, gama ba kowane rashin sabis ne laifin bango ba. Mutanen Zamfara sun fi kowa sanin wannan. A farkon Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatin jiha a zamanin Gwamna Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta umarci kamfanoni su kashe dukan ƙarafan sabis na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba a mayar wa Gusau ba sai ran 1 ga Oktoba, sauran ƙasar kuwa sai ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane har Funtuwa su ke zuwa don su buga waya. Babu na'urar da wani mai otal zai saya ta yi masa amfani a lokacin, domin duk na'urorin nan ba su ƙirƙirar sabis, ɗebo wanda ke waje su ke yi su shigo da shi. Haka nan in taron siyasa ko na biki ya cika gari, waya ta nuna sandunanta cif amma kira ya ƙi shiga, wannan cunkoso ne a kan ƙarfen, maganinsa na hannun kamfani.

Hanyar rarrabewa kuwa ba ta bukatar injiniya, ɗan sakandare mai natsuwa ya isa. Kada a dogara da sandunan da ke goshin waya, don kowane kamfani da yadda ya ke zana nasa. Cikin saitin yawancin wayoyin Android, wajen bayanin layi, akwai wata lamba mai alamar ragi a gabanta, a bayanta an rubuta dBm. In ta nuna -80, sabis na da kyau ƙwarai. In ta kai -110 ya yi rauni, kusa da -120 kuwa magana ta kusa yankewa. Lissafinta na da ban sha'awa ga malamin lissafi: duk saukar 10, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka tsakanin -80 a kan soro da -110 a cikin ɗaki, abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin dubu. Sai a sami takarda a ja layi, a hau can bisa gini a rubuta lambar kowane layi, MTN da Airtel da Glo da sauransu, sa'an nan a bi ɗaki ɗaki, a rufe ƙofa da taga kamar yadda baƙo zai yi, a tsaya wajen gado a rubuta. A yi da safe, a sake da dare. In sama na da kyau ɗaki ba shi da shi, to, an kama ɓarawon, bango ne.

Nan ne fa mafi yawa ke yin kuskure. Sai a aika Kano ko Legas a sayo wata 'yar na'ura da a ke kira busta, a kira yaro mai ɗaura dish ya kafa. Yadda ta ke aiki ba wuya: eriya guda a kan rufi tana fuskantar ƙarfen sabis, waya ta sauko da saƙon zuwa akwatin da ke ƙara masa ƙarfi, wata eriya a ciki ta watsa. Dabarar kanta daidai ce. Aibin yana ga araha da rashin gwani. Kowa ya taɓa jin kukan da lasifika kan yi a wurin taro in an kusantar da makirfo gare ta. Haka busta ke yi in eriyar ciki da ta waje suna jin juna, sai dai kukanta kunne ba ya ji, ƙarfen sabis ne ke jinsa, ya toshe masa kunne har ya kasa jin wayoyin unguwa. Mai otal ya gyara ɗakuna goma, ya ɓata wa gidaje masu yawa, cikinsu watakila da mai neman mota don kai mai naƙuda asibiti. Don haka a 2021 NCC ta yi shela cewa sayar da busta da kafa ta ba da izni ba laifi ne bisa Dokar Sadarwa ta 2003, mai iya jawo tara ko ɗauri, kuma kamfanonin da ke da lasisi kaɗai ke da ikon kafa irin wannan na'ura. Mun ga wannan hukunci daidai ne, ko da ya ke da an bi shi da wayar da kai cikin Hausa da ya fi tasiri.

Hanya madaidaiciya ita ce mai otal ya ɗauki takardar awonsa ya rubuta wa kamfanin, ya nemi a aiko injiniya. Wani lokaci abin da a ke bukata kaɗan ne, a ɗan juya eriyar da ke kan ƙarfen. In ginin ƙarami ne su kan kafa tasu na'urar wadda aka gwada aka amince da ita. In babba ne mai bene da zauren taro, akwai tsarin da a ke bi a manyan otal na Abuja da Legas da filayen jirgin sama, inda a ke jan waya cikin silin a rarraba ƙananan eriya, kowane lungu da tasa, kamar yadda a ke rarraba ƙwan fitila. Wannan na da tsada, kuma kamfani ba ya saurin yarda sai ya ga yawan masu amfani. A nan muna ba masu otal na Gusau shawara su je da murya ɗaya, don takardar mutum ashirin ta fi ta mutum guda nauyi a kan tebur. In an yi shiru, akwai lamba 622 wadda NCC ta keɓe kyauta don karɓar ƙarar masu amfani da waya, tana kuma da ofishi a Kano.

Wasu za su ce ai sun sa Wi-Fi, har ma da na tauraron ɗan Adam irin Starlink da ya shigo Nijeriya a Janairu 2023. Madalla, ya rage zafi, in dai an sa akwatinsa a kowane bene maimakon guda ɗaya tak a wurin karɓar baƙi. Amma baƙo ya sani, kiran WhatsApp ne zai bi ta nan. Lambar sirri da banki ke aikowa ta saƙon tes, da lambobin nan masu farawa da tauraro da a ke tura kuɗi da su, da kiran tsohuwa daga ƙauye mai ƙaramar waya, galibi duk sai da sabis na layi.

Sha'anin Tsafe da Bunguɗu ya ɗan bambanta da na Gusau. Masaukansu ƙanana ne, yawanci ba bene, bango bai kai na birni kauri ba, amma sabis ɗin tun daga waje ya kan zo da rauni, don ƙarafan ba su da yawa, ga kuma wahalar kai musu man janareta. Duwatsu ma na da nasu rabo. Wanda ya wuce gindin dutsen Kwatarkwashi ya san irin girmansa, kuma igiyar rediyo ba ta ratsa dutse, inuwa ya ke yi mata kamar yadda ya ke yi wa rana. Mai niyyar gina masauki a irin waɗannan wurare, kafin ya sayi fili ya je da wayoyi biyu ko uku ya auna, ya duba wace kusurwa ƙarfen ya ke, ya sa tagogin ɗakunan kwana su fuskance shi, ɗakin ajiya da makewayi su koma ɗaya gefen. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Ga masu sabon gini a Gusau kuwa, lokacin zuba kankare shi ne lokacin araha. A binne bututun roba wofi daga rufi zuwa kowane bene, a bar gurbi cikin silin na kowane dogon lungu, a kai masa wuta daga layin sola ko janareta don kada ya mutu in an ɗauke lantarki. Kuɗin wannan bai kai na ƙofa guda ba, amma in an gama an shafe an manna tayil, sai an fasa bango. Muna roƙon hukumar tsara birane ta jiha, wadda ke duba zanen gini kafin ta ba da izni, ta ƙara wannan cikin abubuwan da ta ke tambaya, kusa da ramin bayan gida da hanyar fita in gobara ta tashi. Kwalejojinmu masu koyar da aikin lantarki da gini su ma suna iya mai da awon nan aikin gwaji ga ɗalibai, a raba su rukuni rukuni, kowane rukuni da unguwarsa, daga Tudun Wada har Sabon Gari, a ƙarshen zango a miƙa wa masu masaukai da kamfanoni abin da aka samu.