Gardamar 'Yan Kallon Dambe a Arewacin Zamfara

Da zarar an kai gero rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai hirar majalisu a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ta karkata ga dambe. Wasan kansa ba ya daɗewa, turmi uku ne, wani lokaci ma naushi guda ya gama shi. Amma gardamar da ke biyo baya takan kwana ta wuni, a rumfar mahauta, a teburin mai shayi, har cikin motar da ke komawa ƙauye daga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

Dambe a nan gadon Rundawa ne. Mahauta ke bin garuruwa lokacin kaka, su yanka dabba su sayar da nama, da yamma kalangu ya tashi a buɗe fage. Shi ya sa har gobe, idan gardama ta ƙi ƙarewa, wurin tsohon mahauci ake kai ƙara, domin dokar dambe ba a takarda take ba, a kan dattawa take.

Babbar rigima ita ce kisa. Kowa ya yarda cewa wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. To, idan ƙafarsa ce ta zame a kan yashi daidai lokacin da naushi ya wuce ta gefen kunnensa fa? Nan za ka ji mutanen ɓangarensa sun ɗauki murya: "Wallahi santsi na, ba bugu na ba!" Na ɗaya gefen su ce ai da idonsu suka ga sadda yat taɓa ƙasa, kuma ƙasa ba ta tambayar dalili. Wayar hannu ta shigo yanzu, ana maido da bidiyo baya ana sake kallo, sai dai ban ga ta rage komai ba. Mutum biyu za su duƙa kan waya guda, kowa ya ɗago da abin da ya zo da shi.

Sai maganar bahago, wadda masana dambe suka fi jin daɗin tattaunawa. Ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa da ƙyalle da zare, ɗayan ya miƙa shi gaba a buɗe, yana karewa da shi, yana kuma auna tazarar abokin karawa. Wanda ya saba da na-dama ya san ta inda naushi ke fitowa, jikinsa ma ya haddace. Ranar da ya haɗu da mai naɗin hagu, komai ya juye masa: inda yake tsammanin kariya, nan bugu ke shigowa. Wasu na cewa maganin bahago a matse shi tun turmin farko kada ya samu zama. Wasu na ganin wannan gaggawar ita ce ke kai mutum ƙasa, gara a yi ta zagaya shi har ya gaji ya saki hannu. Ni dai na fi karkata ga na biyun, domin damben ƙwararru yawancinsa jira ne. Baƙo zai ga mutum biyu sun tsaya suna kallon juna ya ce ba a komai, alhali masu ido suna kallon inda ƙafar baya ta dafe, da kafaɗar da ta fara motsi.

Akwai ka'idojin da ba a cika musu a kansu ba. Yaro ba ya sa zare da ubangidansa, 'yan ɓangare ɗaya ba sa karawa, kuma wanda aka miƙa wa hannu yana da ikon ƙi, ko da yake makaɗa ba za su bar shi ya manta ba. A manyan gidajen dambe na Kano da Abuja ana raba 'yan wasa zuwa Arewa da Kudu da Guramaɗa, kuma 'yan kallon wannan yanki na bin sakamakon can kamar a ƙofar gidansu aka yi.

Laya da guru kuwa, tsofaffi na ba su rabin nasara, samari na cewa atisaye ne kawai. Da an kai nan sai wani ya jawo sunan 'yan damben da, Shago da Ɗan Dunawa, waɗanda makaɗi Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ya ce 'yan yanzu ko jakarsu ba su isa ɗauka ba, duk da cewa mafi yawan masu faɗin haka a kaset suka san su.

Matsalar 'yan bindiga ta taɓa wannan al'ada sosai. Tafiyar dare tsakanin ƙauyuka ta zama kasada, a 2021 ma gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya. Fagen ƙauye ya ragu, 'yan wasa da dama sun koma birane neman abinci, majalisun gida kuma suna jiran bidiyon da za a turo musu daga gidan damben Dei-Dei na Abuja.