Sankarar fankiriyas: gaskiya, jita-jita, da tambayoyin majinyaci

Fankiriyas wata 'yar tsoka ce kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Masu cewa sankararta muguwa ce ba su yi ƙarya ba. Ba ta cika nuna alama da wuri, shi ya sa cikin mutum biyar da aka gano suna da ita, da ƙyar ake samun ɗaya da za a iya yi wa tiyata. Wani lokaci ido ne ke fara yin rawaya, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. Sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwoyi, watanni su shuɗe. Magidancin da ya ga haka, ga kuma rama, ya nemi a yi masa hoton CT.

Maganar da ta fi ɓata mini rai ita ce wai in wuƙa ta taɓa daji sai ya bazu. Ba haka ba ne. Tiyata ce kaɗai ake sa ran warkewa da ita. Ruth Bader Ginsburg, alƙaliyar Kotun Ƙolin Amurka, an yi mata aikin a 2009, ta ci gaba da shari'a har 2020. Steve Jobs kuwa, shahararren mai kamfanin kwamfuta, wanda nasa nau'in mai tafiyar hawainiya ne, an gano shi a 2003, ya jinkirta tiyata wata tara yana gwada abinci na musamman.

Wai kuma tambayar likita rashin kunya ce. Jikin waye? Majinyaci ya tambaya: "Likita, wane nau'i ne, kuma ina ya kai? Zai ciru? In ba zai ciru yanzu ba, bayan kemo fa?" Aikin Whipple, wanda ake cire kan fankiriyas da wani sashe na hanji, babban aiki ne, kuma an fi dacewa a hannun wanda ya saba yin sa. Don haka a tambayi likitan tiyata sau nawa yake yi a shekara. Jin ta bakin likita na biyu ba cin fuska ba ne. A riƙe kwafin kowane sakamako da faifan hoton.

Mofin ba alamar ajali ba ce, maganin zogi ne, a faɗi ciwon yadda yake. Gudawa mai maiƙo da rama ma suna da magani, ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon, waɗanda ake sha tare da kowane abinci. Dangi masu ɓoye wa mara lafiya sunan cutarsa don tausayi su sani sun hana shi yin waɗannan tambayoyin.