Jif ɗinka ba ya riƙe silo? Bincika kafin ka sayi fas

Yau maganar mota za mu yi, musamman jif irin su Highlander, RAV4, CR-V da Lexus RX da ke zirga-zirga a hanyar Kano zuwa Gwarzo. Matsalar ita ce ta silo, wato yadda inji ke aiki shi kaɗai alhali ƙafarka ba ta kan totur.

Lafiyayyen inji, in ya ɗumama, allurarsa na tsayawa tsakanin 600 zuwa 800 a minti, ba rawa ba kakkarwa. In ka ga tana hawa tana sauka, ko mota na mutuwa da zarar ka rage gudu, to akwai magana. Kada ka raina abin. A yawancin waɗannan motoci, in inji ya mutu sitiyari kan yi tauri, birki ma ya yi nauyi bayan taku ɗaya ko biyu. Ka ƙaddara hakan ta same ka cikin cunkoson ranar kasuwa, ga babura ga yara. Sannan tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, injin da ke shan mai a banza aljihunka yake ci.

Inda ake tafka asara shi ne canke. A ce maka filogi ne, ka saya. A ce famfon mai ne, ka yi mota har Ƙofar Ruwa ka dawo, ciwo na nan. Inji abu uku yake so: iska, fetur da wuta, kwamfutar mota kuma ita ke auna su, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da mai araha.

Na farko, iska. A yankinmu nan ce babbar kafa. Wanda ke sauka daga kwalta a Garo ko Kabo ya shiga hanyoyin burji na ƙauyuka ya san irin ƙurar da mota ke sha, balle lokacin hunturu. Buɗe akwatin iya kilina, ka ɗaga matatar ka duba ta a hasken rana. In haske ba ya ratsa ta, canza ta. Gaba da ita kaɗan akwai sensar da ke auna iska, mai siririyar waya a ciki. In ƙura ta lulluɓe ta, lissafin ƙarya take kai wa kwamfuta. Da feshin da aka yi dominta ake wanke ta. Ban da fetur, ban da tsumma, ban da yatsa.

Daga nan sai bakin totur, inda baƙin datti ke taruwa ya toshe 'yar kafar da iskar silo ke bi. Tsofaffin motoci kamar RX300 suna da wani ƙaramin bawul na silo a jikinsa, kuma ya yi suna wajen cushewa. Wankewa kawai takan isa. Daga RX330 zuwa sama kuwa totur ɗin na lantarki ne, bayan an wanke ko an cire batir sai kwamfuta ta sake koyon silo. Saboda haka in ya ɗan hau a ranar farko, kada hankalinka ya tashi.

Akwai kuma ɓarauniyar iska. Zafi na busar da roba, babban tiyon da ke tsakanin iya kilina da totur ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kunna mota ka kasa kunne, in ka ji "sssss", bi sautin. In kuma silo na rikicewa ne duk lokacin da ka taka birki, a duba tiyon da ke zuwa tukunyar birki.

Na biyu, wuta. In filogi ko kwayil ɗaya ya mutu, inji kan yi ɗingishi. Ga dabara: a cire kwayil ɗin da ake zargi a mayar da shi wata silinda. In ciwon ya bi shi, shi ne mai laifi. Masu V6 ku kula: filogi shida ne, uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin bututun iska, kuma isa gare su aiki ne. Ka tabbata shidan aka canza, ka karɓi tsofaffin a hannunka. In fitilar cek injin na ƙiftawa, ka tsaya, domin ɗanyen fetur na ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, ita kuwa kuɗinta ba wasa ba.

Na uku, fetur. Man jarka na bakin hanya kan zo da ruwa ko yashi ya toshe nozul. Yawo da tanki a ƙasa kullum ma na gajiyar da famfo, tunda fetur ne ke sanyaya shi. Amma kafin a yanke wa famfo hukunci, a sa ma'auni a ga ƙarfin turinsa.

Toh, ga inda wayarka za ta yi maka rana. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a ciki, ta haɗu da waya ta Bluetooth, ka karanta da manhaja irin Torque. P0171 na nufin iska ta fi fetur yawa. P0300 ɗingishi ne, P0302 kuma ɗingishi a silinda ta biyu. P0507 silo ya yi sama. Lambar tana nuna maka unguwar da ɓarawo yake ne kawai, gano gidan aikin bakanike ne.

Abu uku kada ka yarda a yi wa motarka. Kada a murɗa kusar totur don silo ya ɗaga, rufe ciwo ne. Kada a cire ƙwan fitilar cek injin. Kada a cire tamostat wai don garinmu da zafi, domin inji zai daɗe bai ɗumama ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai, silo ya zauna a sama.

Wani lokacin ma injin lafiyarsa ƙalau. In allura na tsaye cak amma mota na girgiza a giyar D, ta lafa in ka mayar N, a duba robobin da inji ke zaune a kansu, ramukan hanya na yaga su.

Idan ka je gareji, gaya wa bakanike abu uku: da sanyin safiya take yi ko bayan ta ɗumama, da AC ko babu, a D ko a N. Sannan ka ce, "Oga, nuna min shaida kafin mu sayi komai." Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan tambaya.

A nan za mu dasa aya. Wanda ya taɓa fama da wannan matsala ya faɗa mana me aka gano a tasa motar, wani zai ƙaru. Allah ya tsare hanya, sai mako mai zuwa.