Ragowar gasasshen naman layya: mu mai da shi miya, mu tuna da maƙwabci

 

A kwanakin layya, daga 10 zuwa 12 ga Zulhajji, hayaƙin gashi kan turnuƙe unguwanninmu. Amma da an kwana biyu, sai a tarar da ragowar balangu da tsire sun bushe a faranti, yara sun ƙi, manya sun gundura, daga ƙarshe a juye a bola. Alhali dabbar nan an yanka ta ne don neman kusanci ga Allah, kuma a layin da aka zubar da naman akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Shari'a ba ta hana adana naman layya ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya taɓa hana ajiye shi fiye da kwana uku, saboda wasu mabuƙata da suka shigo Madina a wannan shekara. Da matsin ya wuce, sai ya ba da izinin adanawa. Muslim ya kuma ruwaito cewa ya umarci Sauban ya gyara masa naman layyarsa, ya yi ta ci daga ciki har suka isa Madina. Abin da aka hana shi ne almubazzaranci, wanda aya ta 27 ta Suratul Isra'i ta alaƙanta masu yin sa da shaiɗanu.

Hanya mafi sauƙi ta ceto wannan nama ita ce a mai da shi miya. Wuta ta riga ta tsotse ruwan jikinsa, don haka abin da yake nema shi ne romo da haƙuri. A fara kankare inda ya ƙone, domin shi ke sa ɗaci, sannan a yayyanka ƙanana. A soya albasa a man gyaɗa, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu, a bari ruwansu ya tsane. Sai a sa naman da ƙashinsa, da daddawa da citta da masoro, a tsaida ruwa ya rufe shi, a rage wuta. Minti 30 zuwa 45 kan isa ya yi laushi. Kada a yi gaggawar zuba gishiri, domin an riga an sa wa naman tun wajen gashi, kuma garin ƙuli-ƙulin da ke jikin tsire zai ƙara wa miyar kauri. Kabewa ko dankali na ƙara mata auki, alayyahu kuwa sai dab da saukewa. Ɗalibin da ke da ƙaramin risho ma zai iya wannan.

A nan ne girki yake haɗuwa da ibada. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi wa Abu Zarr wasiyya da ya yawaita ruwan miya idan ya dafa, don maƙwabtansa su samu. Tsoka biyar busassu ba za su ratsa gida biyu ba, amma a tukunya sukan ciyar da gida uku, har almajirin ƙofa ya samu.

Sai dai akwai iyaka. Masana lafiyar abinci suna gargaɗin kada dafaffen nama ya wuce awa biyu ba cikin sanyi ba, a tsananin zafi kuwa awa ɗaya. A firji yakan yi kwana uku zuwa huɗu, muddin wuta ba ta ɗauke ta daɗe ba. Wasu ƙwayoyin cuta kan bar dafin da tafasa ba ta kashewa, saboda haka naman da ya canja wari ko ya yi yauƙi, yaji ba zai gyara shi ba. Zubar da irin wannan ba almubazzaranci ba ne, kuma miƙa shi ga mabuƙaci cutarwa ce, ba sadaka ba. Aya ta 267 ta Suratul Baƙara ta hana mu zaɓen lalatacce mu bayar.

Saboda haka mu yi shawarar ragowar tun ranar da aka gasa, kafin ta lalace. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya sa albarka a abin da Ya ciyar da mu.